Suna Ɗaya a Takardar Kududdufi

Bayan gidanmu, idan aka bi lungun da ke fita wajen Ƙofar Guga, akwai wani kududdufi. An ce da ƙasarsa aka gina rabin gidajen unguwarmu, shi ya sa ya yi zurfi haka. Ta gefensa nake bi in tafi makaranta, ta nan nake dawowa. Ina aji biyu na sakandare a shekarar da sojoji suka koma bariki, kuma ni yarinya ce marar magana. Ko gaishe ni aka yi a hanya, ƙasa nake kallo. Wataƙila shi ya sa na san bakin ruwan nan fiye da yadda na san fuskokin maƙwabtanmu.

Ni na fara lura kwaɗi sun rage kuka a daminar nan. Ban faɗa wa kowa ba. Daga nan sai agwagin da ke kiwo a wurin suka fara tafiya a karkace kamar masu jiri, wata ta zauna a tsakiyar hanya ta ƙi tashi ko da mai keke ya zo. Ta gabas akwai wata kwata da ke gangarowa daga filin wani Alhaji mai sana'ar fasa tsofaffin batiran mota, ana cire dalmar da ke ciki a narka. Inda kwatar ta haɗu da ruwan, ciyawa ba ta fitowa. Ƙasar wurin ta yi fari-fari kamar an barbaɗa toka.

Ta yamma kuma akwai wasu faffaɗan duwatsu da aka jera a bakin ruwa. Nan ne wurin Iya mai daddawa.

Iya gajerar tsohuwa ce, mijinta ya daɗe da rasuwa, 'ya'yan da ta haifa babu wanda ya rayu. Ɗaki ɗaya take da shi da ɗan tsakar gida a ƙarshen lungunmu. Idan ta dafa kalwa ta surfe ta a turmi, sai ta ɗauko ta zuwa kan duwatsun nan ta wanke. Tana da wata ƙwarya mai huji-huji, ta zuba kalwa a ciki, ta nutsa ta a ruwa tana juyawa da hannu har baƙin ɓawon ya taso ya tafi. Wankin kalwa yana cin ruwa, ba aikin da za a yi da ruwan saye ba ne. Hannayenta kullum a tattare suke kamar busasshiyar kuɓewa. Duk miyar da aka kaɗa a unguwarmu, da daddawarta aka kaɗa.

"Ƙawata, an tashi lafiya?" Haka take ce mini kullum ba tare da ta ɗago kai ba, da ƙarar takalmina take gane ni. "Ya boko? Yaushe za ki zama likita ki duba mini gwiwar ga?"

Sai in durƙusa in ce, "Ina kwananku, Iya," in yi murmushi in wuce. Iyakar hirarmu ke nan, kuma ina jin daɗinta.

Ba Iya kaɗai ke amfani da ruwan ba. Famfon unguwarmu yakan yi kwanaki bai kawo ba. Idan ya ɗauke, masu kurar ruwa sukan gangara ta bayan wata kuka da sassafe su cika jarkoki, su bi gida-gida suna sayarwa. Ana kiransa ruwan wanki. Ba a tambayar daga ina yake, su ma ba su faɗa. Da shi ake wanki da wanke-wanke, da shi ake yi wa yara wanka, awaki su sha. A gidanmu akwai wani baho na musamman da ake juye shi, a bar shi ya kwanta. Idan an tsiyaye, wani koren abu yakan rage a gindin bahon, ni ake sa wa in goge.

Wata ranar Talata, ina dawowa daga makaranta, na tarar da farar mota a bakin kududdufin. Wani mutum sanye da dogon takalmin roba yana ɗibar ruwa da gwangwani a kan doguwar sanda, yana ɗurawa a ƙananan kwalabe. Wata mata mai farar riga a kan atamfarta tana manna wa kowace kwalba takarda tana rubutu. Har laka suka ɗiba a cikin leda. Na lura sun fi daɗewa a bakin kwatar Alhaji, kuma matar ta toshe hancinta da gefen mayafi. Ma'aikaciyar lafiya ce. Malama kowa ya riƙa kiranta daga baya.

Bayan kamar wata ɗaya suka dawo, aka tara magidanta a ƙofar gidan mai unguwa. Baba ne ya kawo mana labarin, yana cin abincin rana, Umma na yi masa fifita, Gwaggo yayarsa na zaune a kan tabarma tana tsinke zogale. Ya ce an sami gubar dalma a ruwan da kuma lakar. Ba ta kashe mutum nan take, a hankali take taruwa a jiki, kuma ta fi cutar da yara. Ya ce sun zo da tsari: za a toshe kwatar Alhaji, a kewaye kududdufin da waya. Amma kafin a kewaye, sai Malama ta shiga gida-gida ta rubuta waɗanda ke amfani da ruwan. Idan suna da yawa za a haƙa rijiyar burtsatse a kafa famfo, don kada a raba mutane da ruwa ba a ba su wani ba.

"To ai alheri ne," in ji Umma.

Baba ya girgiza kai. Ya ce bayan ma'aikatan sun tafi dattawa sun zauna. Wani ya tuna musu lokacin soja, da aka rubuta sunayen masu zuba shara a kwata da sunan za a raba musu duro, washegari aka sa magidanta tsallen kwaɗo a gaban 'ya'yansu.

"Ai yanzu farar hula ne, Malam," in ji Umma.

"Farar hula da wane biro suke rubutu?" Gwaggo ta ce. "Ba irin na wancan ba ne? Ke dai ba ki san gwamnati ba. Kuma ku tsaya ma. Gidan ga tun kakan kakanmu ba a san mu da ruwan kududdufi ba. A rubuta mu a takarda, gobe masu neman aure su zo bincike a ce musu ai gidan masu wanka da ruwan kwaɗi ne? Sai dai bayan raina."

Baba bai ce a faɗa ba, bai ce kar a faɗa ba. Ya wanke hannu ya fita. A gidanmu wannan ma amsa ce.

Ranar Asabar da hantsi Malama ta yi sallama a gidanmu. Gidanmu ne na biyu a lungun. Aka shimfiɗa mata sabuwar tabarma, aka gaisa, ya gida, ya yara, ya aiki, ya zafi, aka sake zagayowa. Tun kafin ta shigo Gwaggo ta kifa bahon nan ta ɗora tabarya a kai. Amma ta manta da shanya. Kayan makarantata na kan igiya suna ɗiga, kuma duk wanda ya san ƙarnin ruwan nan zai ji shi.

Malama ta buɗe babban littafinta. "Hajiya, wane ruwa kuke amfani da shi?"

"Famfo," in ji Gwaggo.

"Idan ya ɗauke fa?"

"Mu jira shi."

"Har kwana biyar?"

"Muna da randuna, ɗiyata. Manya-manya."

Malama ta kalli Umma. Umma ta kalli ƙafarta. Malama ta kalli shanyar, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Wallahi ba tara za a ci kowa ba. Famfo nake so in samo muku. Amma sai na nuna musu akwai masu buƙata."

"Allah ya ba masu buƙatar," Gwaggo ta ce.

Ina tsaye a jikin ƙofar ɗaki, rabin fuskata a bayan labule. Malama ta hango ni ta yafito ni. Ta tambaye ni ajina, na faɗa da ƙyar. Ta ce, "Ta bakin ruwan kike bi zuwa makaranta, ko? Masu shiru irinki su suka fi kowa gani. Faɗa mini, wa kike gani a wurin?"

Ba a taɓa tambayata abin da nake gani ba. Na ji wani daɗi, tare da tsoro. Na san komai. Na san mai kurar da ke kawo mana, na san gidajen da yake shiga, na san matar da ke aiko 'ya'yanta da bokiti tun kafin rana ta fito. Na ji idon Gwaggo a gefen fuskata kamar garwashi. Idan na ce ba na ganin kowa, Malama za ta ɗauke ni sakara. Idan na faɗi gidan wani, akwai mai gida, akwai 'ya'ya maza, akwai dangi da za su zo ƙofarmu. A cikin ɗan lokacin nan na bi unguwar a zuciyata gida-gida, ina neman wanda ba shi da kowa.

Na ce, "Iya mai daddawa."

Na ji Umma ta sauke numfashi.

"Af, ita kam!" Gwaggo ta tafa hannu. "Kullum tana ciki tsamo-tsamo. Mun yi magana har mun gaji."

Ba a taɓa yi mata magana ba. Malama ta rubuta, ta shafa kaina, ta tafi. Kafin ta kai gida na uku, Gwaggo ta leƙa ta katanga ta faɗa wa maƙwabciyarmu yadda aka yi. Amsar ta yi wa kowa daɗi. Ba a ce ba a ba gwamnati haɗin kai ba, kuma ba a tona asirin gida ba. Har Malama ta gama unguwar, suna ɗaya take ji a kowane gida. Da yamma Gwaggo ta ba ni ƙashin miya mai nama, ta ce ashe 'yar shiru-shirun nan tana da hankali.

Ranar Litinin na ga Malama a kan duwatsun Iya, ta tattare zaninta ta tsuguna kusa da ita. Na rage tafiya ina gyara igiyar takalmi.

"Iya, ke kaɗai ke zuwa nan?"

"Wa kika gani?"

"Ke na gani. Amma ke da kike nan kullum, ba kya ganin wasu?"

Iya ta juya ƙwaryarta a cikin ruwa. "Ni kaina a sunkuye yake, ɗiyata. Kalwata nake kallo."

Malama ta yi mata bayani a hankali. Ta ce ta daina wanki a nan, kuma daddawar da ta riga ta yi ba za a sayar ba. Iya ta ce to, da mi za ta wanke? Malama ta ce tana nan tana ƙoƙarin famfo.

Da a ce Malama ce kaɗai, da an yi shi a asirce. Amma washegari duba-gari biyu suka zo da kakinsu. Sabon kansila yana so a ga ana aiki. Suka fito da daddawar Iya duka, wadda ta bushe da wadda ke kan tabarma tana shan rana, har da kalwar da ke rufe a buhu tana jiran ta nuna. Suka tara a tsakiyar lungu, suka zuba kananzir suka cinna wuta. Mata suna leƙe ta zaure da kan katanga, waɗanda jiya-jiya suka kaɗa miya da ita suna cewa, "Wa'iyazubillahi, ashe abin da muke ci ke nan." Iya na tsaye da hannayenta a baya, ba ta yi kuka ba. Da wani dunƙule ya gangaro daga wutar zuwa ƙafarta, ta sunkuya ta ɗauka, ta hure masa ƙasa, sannan ta tuna, ta mayar da shi cikin wutar da kanta. Ƙaurin ya kwana biyu a lungun.

Daga ranar sunanta ya canza. Yara suka riƙa bin ta suna tafi suna cewa, "Iya mai guba, nawa-nawa?" Manya na zaune a dakali suna jin su. Wani lokaci a ce, "Kai, ku bari," amma da dariya a bakin mai faɗa.

Sai ɗan matar wani tela na unguwarmu ya fara suma yana sanƙarewa. Bayan gidansu manne yake da filin Alhaji, kuma na sha ganin yaron yana wasa da baƙaƙen akwatunan batir da aka fasa, yana jan su da igiya kamar mota. Uwar ba ta je ƙofar Alhaji ba. Ƙofar Iya ta je, ko mayafin kirki babu, tana ihu. "Tsohuwar banza, kin cinye naki kin dawo kan namu! Idan ɗana ya mutu sai na ga bayanki!" Ta ɗauki tabaryar Iya ta jefa cikin kwata. Iya ta ce, "Allah ya ba shi lafiya." Matar ta tofa mata yawu. Ina tsaye da jakar makaranta a jikin bango. Na san inda yaron ke wasa. Na wuce gida.

Bayan damina aka zo aka kafa turaku aka ja waya. Aka kafa allo mai jan rubutu, da hoton kofi an ja masa layi. Kwatar Alhaji kuwa ba a toshe ba. An ce an ba shi lokaci ya nemi wani fili. Hotunan kansila har guda uku ne manne a ƙofar filin nasa, rana ta koɗe su amma ba a cire ba.

Da aka ga waya ba a ga famfo ba, dattawa suka sa mai unguwa ya kira Malama. A zaurenmu aka zauna, don ya fi faɗi, ni na kai ruwan sha na maƙale a bayan ƙyaure.

"Malama, ina alkawarin burtsatse?" in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, abin da kuka faɗa mini shi na rubuta. Na bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, na roƙe ku. Mutum ɗaya kuka ba ni. Na kai takarda, aka ce ba a haƙa rijiya don tsohuwa ɗaya, aka kai ta wata unguwa da suka faɗi gaskiya." Ta bi dattawan da kallo. "Idan akwai wanda zai tashi yanzu ya ce gidansa na amfani da ruwan, in sake rubutawa in gwada."

Na ji wani yana jan carbi. Kowa na jiran wani ya fara, kuma wanda ya fara ya amsa cewa matan gidansa sun yi wa baƙuwa ƙarya a kan tabarmarsu. Baba ya yi gyaran murya, na ɗauka zai faɗa, sai ya ce, "Allah ya sa haka ne mafi alheri." Aka shafa.

Haushin bai tafi kan Alhaji ba, bai tafi kan gwamnati ba. Aka ce Iya ce ta jawo ido kan kududdufin da wankin kalwarta, ga shi an kewaye an bar mutane da wahala. Ko mako ba a yi ba masu kura suka ɗaga wayar ta bayan kuka, daidai yadda jarka za ta wuce. Ruwan wanki ya ci gaba da shigowa gidanmu, sai dai an ƙara sammako.

Iya ce kaɗai ta bi dokar. Akwai wani famfo can wajen Ƙofar Sauri da bai cika ɗaukewa ba. Nan ta riƙa zuwa da 'yar jarka a ka, ta je ta dawo, ta huta, ta koma. Ruwan kwana uku take tarawa kafin ta wanke kalwa kwano ɗaya. Tafiyarta ta ƙara karkacewa. Idan muka haɗu a hanya sai in tsallaka ɗaya gefen. Wata rana ba ta yiwu ba, lungun ya matse.

"Ƙawata, kin yi wuyar gani. Ko ke ma tsoron gubar kike?"

Na ce, "A'a, Iya." Ban san ko ta san ni ce na fara faɗar sunanta ba. Har yau ban sani ba.

Ta yi sabuwar daddawa, 'yar kaɗan, ta bi gidaje da faranti. Ba wanda ya saya. Wasu ko sallamarta ba su amsa. Sai ta ɗauki dunƙule uku ta kai wa Malama har wurin aikinta, ta ce a auna. Bayan wasu makonni Malama ta ba ta takarda mai hatimi. Iya ta naɗe ta a leda, ta ɗaure a gefen zani.

Ta zaɓi ranar da za ta fito da ita. Matar ƙanen Baba ta haihu, ana gobe suna, tsakar gidanmu cike da mata ana aikin abinci. A da, duk wani suna ko biki a lungun, Iya ce ke kawo daddawar miyar taro, a ba ta wuri ta zauna a yi ta tsokanarta tana ramawa. Ta yi sallama ta shigo da farantinta, ta sa zaninta na fita. Hira ta tsaya.

"Barkanku da arziki. Allah ya raya," ta ce. Aka amsa ciki-ciki. Ta ajiye farantin, ta kwance ledar. "Ga takardar likita. Ni ban iya boko ba. A ba ƙawata ta karanta muku."

"Zo, 'yar boko," Gwaggo ta ce. "Zo mu ji mi gwamnati ta ce game da miyarmu."

Na karɓa. Da Turanci aka rubuta, an buga da keken rubutu, wani harafi ɗaya yana ɗan hawa sama da sauran a kowane layi. Na fara fassarawa. Aka ce ba a ji, in ɗaga murya. Na ɗaga. Takardar ta ce an auna daddawar da wannan mata ta kawo, wadda aka yi da ruwan famfo, ba a sami abin cutarwa a cikinta ba, ana iya ci. A ƙasa kuma ta ce har yanzu ruwan kududdufin bai dace da wanka ko wanki ko wanke kwanukan abinci ba. Wannan layin na ƙarshe na karanta shi a zuciyata, ban fassara ba.

"Kun ji ko?" Iya ta ce, tana bin fuskoki da kallo. "Ana iya ci."

"Mun ji," in ji Gwaggo. "Wadda kika kai musu ita suka auna. Wannan ta farantin wa ya auna ta?"

"Tukunya ɗaya ce, Hajiya."

"Ke kika faɗa. Hannun da ya shekara arba'in cikin guba, takarda ce za ta wanke shi?"

Wata ta ce a sa takardar a miya a ji ko za ta yi daɗi. Aka kwashe da dariya. Matar tela na nan, ɗanta ya tashi amma har lokacin bai koma magana sosai ba. Ta ja 'yarta kusa da ita, ta ce a fitar mata da wannan faranti daga inda yara suke.

A nan na ga fuskar Iya ta canza. Ban taɓa ganin ta yi fushi ba. Ta juya ta nuna bakin magudana, inda 'yan mata biyu ke wanke kwanukan da za a zuba abincin suna.

"Ruwan da ke cikin bahon can, daga ina yake?"

'Yan matan suka dakata da wanke-wanken. Iya ta ci gaba.

"Ni ina kan duwatsun nan tun ba a haifi rabinku ba. Babu jarkar da ta fita ban ji ƙararta ba. An tambaye ni, na rufa muku asiri. Ku ku rufa mini mana." Ta juyo gare ni. "Ƙawata, ke kina bin hanyar kullum. Ke ba ki ƙarya. Faɗa musu, ruwan can na ina ne?"

Ni na buɗe wa mai kura ƙofa da safiyar nan. Akwai ɗan ganyen kainuwa manne a bakin bahon, ina ganinsa daga inda nake tsaye. Mata fiye da ashirin suna kallona. Umma ba ta kalle ni ba, tana ta yanka albasa, wuƙar na tafiya a hankali.

Na ce, "Na famfo ne."

Gwaggo ta ce, "To kin ji. Yarinya ma ta faɗa miki."

Iya ta daɗe tana kallona. Ba harara ba ce. Kallo ne irin wanda take yi wa kalwa idan tana tsince tsakuwa. Ta miƙo hannu, na ba ta takardar, ta naɗe ta mayar cikin leda.

Umma ta tashi, ina jin tausayi ne ya kama ta. Ta zuba shinkafa da miya a kwano ta miƙa mata. "Iya, riƙe daddawarki. Ga wannan, sadakar mai jego."

"Ni talla na zo, ba bara ba," Iya ta ce. Ta ɗauki farantinta ta fita. Kafin ta kai zaure hira ta ci gaba, wata na kwaikwayon tafiyarta.

Ba ta ƙara yin daddawa ba. Ta koma surfe da tsintar shinkafa a gidajen wata unguwa da ba a san ta ba, ana ba ta abinci.

Bayan kamar wata biyu, ana shirin bikin wata 'yar uwarmu, tukwane suka yi kaɗan. Gwaggo ta ce, "Ai tsohuwar can tana da wata ƙatuwar tukunyar ƙarfe, kuma yanzu mi za ta yi da ita? Ke, je ki ce ta ba mu." Na ce kaina na ciwo. Ta ce ai ba da kai zan yi magana ba.

Na tarar da ita zaune a ƙofar ɗaki tana shafa man zafi a gwiwa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa. Ba ta ce ƙawata ba. Na faɗi saƙon ina kallon ƙasa. Ta dafa bango ta tashi, ta shiga ta jawo tukunyar. Gizo-gizo ya yi saƙa a bakinta. Ta share da gefen zani, ta cire ɗankwalinta ta naɗa mini gammo, ta kama kunne ɗaya na kama ɗaya muka ɗora a kaina. Ta ɗan gyara mini zamanta don kada ta zame.

"Ki ce su wanke ta da kyau kafin su ɗora," ta ce. "Kuma ba sai an dawo da ita ba."